Kiɗan da Ya Tashi Kasuwar Kazaure

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar wana, Yaya Habu, kuma har yau ban san yadda zan yi da akwatin faya-fayensa ba. Damina ta zo in ɗaga shi daga ƙasa saboda laima, rani ya shigo in mayar da shi. Na kasa bayarwa, na kasa zubarwa, raina kuma ya ƙi kwanciya a kansa.

Bayan samun 'yancin kai gwamnati ta tura shi Chekoslobakiya koyon gyaran tarakta. Ya dawo Kazaure da takardar shaida, da garmaho mai juya faifai, da wata cuta da ba mu da maganinta: son kiɗan Turawa, irin wanda taron mutane ke zama da goge manya da ƙanana da sarewa da kakaki, wani yana kaɗa musu 'yar sanda, babu mai waƙa ko ɗaya. Ya ce a can in ka shiga zauren sai a miƙa maka takarda mai jerin abin da za a kaɗa, ka zauna shiru, ko tari ne ya zo sai ka haɗiye shi.

Mu kuwa a nan kowane kiɗa da mai shi. Akwai na mahauta, akwai na maƙera, akwai na manoma. Shi ya sa ranar da Innarmu ta fara jin faifan ta tambaye shi kiɗan wane ne. Ya ce wani ɗan ƙasar ne ya yi wa kogin garinsu. Inna ta dube shi ta ce, "To, Habu, kogin ne zai ba shi riga?" Muka yi ta dariya, ban da shi.

Burinsa ɗaya ne tak: mutanen garinmu su zauna, ko sau ɗaya, su ji abin nan daga farko har ƙarshe. Da kuɗin mai suka shigo, kowa na sayen rediyo da babur, sai ya ga lokaci ya yi. Ya roƙi ɗakin taron wata makaranta, ya tsara jerinsa irin na can: a buɗe da na wani Bajamushe, a tashi a yi la'asar, a rufe da na kogi. Ni ya aika da gayyata har Roni da Gwiwa wajen abokan aikinsa malaman gona. Lasifika kuma ya aro ta wajen wani mai tallar magani.

Ranar taron da sassafe ya ce bari ya gwada lasifikar. Ya ɗora ta kan katanga, bakinta na kallon kasuwa, ya sa na Bajamushen, mai buɗewa da ganguna da kakaki. Yaya yana ƙasar waje sanda mu muka koyi wani darasi da kunnenmu: in ka ji kiɗan Turawa marar waƙa da safe, to sojoji sun hamɓarar da gwamnati. Kafin faifan ya kai rabi 'yan tebur sun kwashe kaya, direbobin motocin zuwa Babura sun ƙi lodi, iyaye mata suna ta kwaso yara daga hanyar makaranta. 'Yan sanda suka zo suka tafi da garmaho da mai shi.

Bayan azahar suka sake shi da jan kunne, ya dawo yana cewa taro na nan daram. Sai muka gamu da maƙwabcinmu Oga Emeka, mai sayar da kayan keke, wanda bai daɗe da dawowa garin ba bayan yaƙi. Tun safe ya kulle kansa da iyalinsa cikin shago. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam Habu, matata har ta ɗaure kaya." Na ga fuskar Yaya ta sauya. Da muka isa gida ya mayar da faya-fayen cikin akwati, ya ce in je in sallami baƙi.

Daga nan a ɗakinsa yake ji, murya ƙasa-ƙasa kamar mai abin kunya. Duk shekara zai ce mini baɗi za a yi, in mutane sun manta. Mutanen Kazaure kuwa ba sa manta abin dariya. Har ya tsufa abokan wasansa suna sara masa su ce ranka ya daɗe, yau wa za a hamɓarar? Yana murmushi, amma na san yana masa ciwo, ni ma yana mini.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Yau duk abin da ke akwatin nan yana cikin waya, yaro ya toshe kunne ya ji abinsa shi kaɗai a kan babur. Ba na jin zai yi murna. Shi ba jin kiɗan ya rasa ba, abokan zama ya rasa. Kuma anya akwai mai haƙurin zaman da yake nema, yanzu da ba a iya jin waƙar minti uku ba a tsallake ta ba? Wannan tambayar ce ke hana ni sakat.

Taraktocin da ya gyara sun zama ƙarafan gwangwan, Oga Emeka ma ya riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage na Yaya shi ne taron da bai yiwu ba, ni kuma ba yaro ba ne da zan ci gaba da cewa baɗi. Na sa an gyara garmahon a Kano. Ranar Asabar bayan la'asar zan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu in sa na kogin, ko mutum biyu suka zo zan bar shi ya kai ƙarshe.

Mutanen Kazaure, in kun ji, kada kowa ya rufe shago, ba wanda aka hamɓarar. In kuma wani ya yi tambayar Inna, ku ce masa kiɗan Habu ne. Allah ya jiƙansa.