Ɗakin Hucewa

A shekarar da matata ta haifi 'yarmu, ni ina can ina zana wa Turawa gidan wanka. Gwamnatin jiharmu ce ta tura ni London karatun zanen gine-gine, lokacin da arzikin mai ya taso ana ta kwasar mu ana zubawa a jirgi. Muna zaune a wani gidan haya a unguwar Whitechapel, hawa na uku, ɗaki ɗaya da kicin da banɗaki mai sanyi kamar randa.

Aikin ƙarshe da aka ba ajinmu shi ne gidan wanka a wani tsibiri can arewa, inda duwatsu ke aman wuta. Ban taɓa taka wurin ba. Hotuna kawai malaminmu ya baje a tebur: baƙar ƙasa kamar an zubar da gawayi, ba bishiya ko ɗaya, ruwa na fitowa daga ƙarƙashin dutse yana tafasa da kansa. Na ce a raina, kai, Allah mai iko! Ga ruwan jego nan ba itace ba tukunya, an ba mutanen da ba su san darajarsa ba.

A lokacin, ruwan zafi ne ya cika mini kai, don haihuwar ta zo a tsakiyar sanyi. Surukata, wadda duk muke kira Inna, ta aiko ta hannun wani matafiyi da ƙullin kanwa, garin gero da busasshen ganyen darbejiya, da wasiƙa zuwa gare ni. Ta ce da a gida ne ita da ƙannenta za su tsaya a kan wankan jego, to tunda na kai 'yarta inda ba dangi, amana ta koma wuyana. Kwana arba'in, safe da yamma, ruwa mai zafin gaske, a bi da kunun kanwa, a kwana cikin ɗumi. Ta rufe da cewa in sanyin ƙasar Turawa ya shigi 'yarta, ni za ta tambaya.

Sai na ɗauki abin kamar aikin makaranta. Na toshe tagar banɗakin da jarida, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa don kada tururi ya fita. Tukwane uku nake ɗorawa a murhu, in kai mata ruwan yana huci, ta tsoma ganyen ta fyaɗa a jiki, in ji tana salati ta bayan ƙofa. Tana fitowa ga kunu, ga hita biyu a gefen gado. Wallahi har alfahari nake yi. Nakan ce mata ko tsofaffin garinmu ba za su fi ni iya haɗa zafi ba, ta yi murmushi ta ce, "Malam, ai kai ka wuce ungozoma."

Zanena ma haka na yi shi: tafkuna huɗu a jere cikin baƙin dutse, kowanne ya fi na bayansa zafi, rufi ƙasa-ƙasa, ba taga. Malaminmu, wani dogon tsoho mai lofe, ya bi zanen da yatsa har ƙarshe, ya ɗago ya ce, "A ina mutum zai huce?"

Na ce, "Wanka ya zo yi, ko shan iska?"

Ya ce, "Zafi aiki ne ga zuciya. In ba ka ba ta hutu ba, ɗauko maka mutum za a yi daga tafki na huɗu."

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ji mutum, wanda wankansa shi ne ya jiƙa cikin dattinsa a kwami, shi zai koya mini ruwan zafi? Amma maki na hannunsa. Na zauna ina tsaki na ƙara wani ɗan ɗaki a gefe, da benci, da famfon ruwan sanyi, da babbar taga mai kallon fili. Na rubuta masa suna ɗakin hucewa.

Wajen kwana na ashirin ƙafafun matata suka fara kumbura. In ta hau bene sai ta tsaya ta dafa bango. Wata rana da la'asar ina ɗora tukwane ta ce, "Malam, numfashina ba ya kaiwa. Ko a bar na yamman nan?"

Na ce, "Haba, ke kuwa! An ci rabi sai yanzu? Me zan ce wa Inna?"

Ta miƙo mini jaririyar ta shiga. Ni kuwa na duba kumburin na yanke cewa sanyin da ake gudu ne ya fara shiga. Na ƙara tukunya ta huɗu, na ƙara kanwa a kunu. Da hannuna na ƙara ta, ba wanda ya sa ni.

Safiyar kwana na ashirin da shida na ji ƙarar bokiti ya kife, ban ji salati ba. Na banke ƙofa, tururi ya rufe mini ido, da ƙafa na gano inda take.

A asibiti wata likita ta tambaye ni me take ci, yaya take kwana. Na faɗa mata duka. Ta ce zuciyarta ce ta gaji, ruwa ya taru a huhu, kanwar da zafin nan sun ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Na hau ta da faɗa a tsakiyar mutane, na ce iyayenmu duk haka suka yi kuma ga mu nan. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ai ba kowace zuciya ce ɗaya ba, kuma da an kawo ta tun farkon kumburin da sauƙi.

Kwana huɗu ta yi a asibitin ta rasu. Matan masallaci suka yi mata wanka, muka kai ta wata maƙabarta a bayan gari, ƙasar laka ce mai sanyi tana manne wa shebur. Ban taɓa tsanar kaina kamar ranar ba, kuma har yau abin bai sake ni ba.

Na miƙa zanen a makaranta saboda ba ni da ƙarfin yaga shi. Ranar dubawa tsohon ya tsaya a gaban aji ya nuna ɗan ɗakin nan da lofensa, ya ce shi ne abu mafi kyau a ginin, wanda ya zana shi ya san jinƙan jikin ɗan Adam. Aka tafa mini.

Bayan wata biyu na dawo gida da yarinyar. Duk tsawon hanya ina shirya abin da zan ce in Inna ta tambaye ni 'yarta. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ta karɓi jikarta ta daɗe tana kallon ta, sannan ta ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka. An dai yi wa uwarta wankan?"

Na ce, "An yi, Inna. Safe da yamma, ba fashi."

Ta share ido da bakin zane ta ce, "To ka fita haƙƙinta. Allah Ya yi maka albarka."