Injin yankan ciyawa a maƙabartar Libreville

Talata: Kano zuwa Legas

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na bar gida da akwati biyu, ɗaya na kayana, ɗaya na inji. Tun ina shekara bakwai mahaifina ya rasu a Gabon inda yake kasuwanci, ban taɓa ganin kabarinsa ba. Inna ta ce in je in tsaya a kansa, in yi addu'a, in zo in gaya mata yadda wurin yake. Da ƙaninsa, Baffa Sale, ya ce min a waya ciyawa ta cinye maƙabartar, sai na ga ai nan fagena ne. Ni mutum ne da in dai abu yana da batir da maɓalli, sai na mallake shi. Na sayi injin yankan ciyawa na saɓawa a kafaɗa, batir biyu, har da abin toshe kunne.

A filin jirgin Kano aka sa na fitar da batiran na riƙe a jakar hannu. A Legas wani jami'i ya juya su, ya ce, "Noma za ka yi a cikin jirgin?" Na yi masa bayani na minti goma, shi bai gane ba, ni ma na fara shakka. Na kwana a Agege.

Laraba: Libreville

Mun sauka ƙarfe huɗu da rabi cikin ruwan sama. Baffa ya ce in hau tasi zuwa Nkembo. Na tsayar da ta farko, na faɗi unguwa, direba ya dube ni ya wuce. Haka ta biyu da ta uku. Wani Bazabarme mai sayar da agogo ya ji tausayina.

"Malam, nan kai ne kake faɗin kuɗi. In direba ya danna oda ya yarda ke nan."

Na ce sefa dubu biyu, aka yi oda, na tsaya ina neman wanda ake yi wa.

Baffa ya tarbe ni da gasasshen kifi da curin rogo a naɗe cikin ganye. Na buɗe akwati ina jero masa darajojin injin, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, madalla. Adda fa, ka zo da ita?" Na ɗauka wasa yake. Cajar kuma ta ƙi shiga soket, don nasu ramuka biyu ne zagayayyu, sai da muka sayo mahaɗi a sefa ɗari biyar.

Alhamis: maƙabarta

Ƙarfe bakwai muka isa, tafiyar minti arba'in. Ciyawa ta kai min ƙugu, ko tudun kabari ɗaya ba a gani. Baffa ya nuna min da sanda: "Can wajen mangwaron yake. Jira ni, Abba." Ya tsaya gaisawa da mai gadi, irin gaisuwar da ake tambayar har lafiyar maƙwabta.

Ban jira ba. Na toshe kunnuwa, na kunna, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Cikin kwata guda na kwantar da abin da adda za ta yini a kai. Can na ji wani ƙamshi kamar na lemon tsami, har na duba ko batir ne ya yi zafi. Da na waiwaya sai ga Baffa yana ɗingiso da sauri yana ɗaga sanda. Ashe tun ɗazu yake kirana.

"Ina sitironel ɗin?" ya ce.

Ban san kalmar ba. Mai gadi ya ce ciyawar shayi ce. Ruwan ƙasar nan yana baje tudu, yana ruɓar da katakon alama, shi ya sa Baffa ya dasa kurmin ciyawar a wajen kan yayansa, shekara ashirin da shida yana kula da ita. Mai adda yana ganin abin da yake sara, ya kewaye. Ni kuwa na aske fili ƙwal, ko'ina iri ɗaya.

Na zo daga Kano don in ga kabarin ubana, na ɓatar da shi da hannuna. Baffa bai yi min faɗa ba, kuma hakan ya fi yi min ciwo. Ya ajiye sandar, ya durƙusa, yana ɗibar yankakkiyar ciyawa yana murzawa yana shinshinawa. Muka bi shi da rarrafe, mu uku. An kusa awa kafin hannuna ya faɗa kan wani kututture mai kauri, na murza, ƙamshin ya bugi hancina.

"Shi ne," in ji Baffa. "Za ta sake tofowa. Yi masa sallama."

Na yi, na yi addu'a, na yi kuka irin wanda ban yi ba ina shekara bakwai.

Lahadi: gida

Injin na bar wa mai gadi, bisa sharaɗin hanyoyi kawai zai riƙa sharewa da shi. Na iso Kano ƙarfe tara na safe, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Baffa Sale da haƙurinsa. Inna ta tambayi yadda wurin yake, na rasa ta inda zan fara, sai na miƙa mata ganyen ciyawar shayin da na ƙunso a hankici. Ta shinshina.

"Irin wanda babanka yake zuwa mana da shi ne," ta ce. "Ɗora ruwa."