Madam Ramatou da Ƙoƙon Kan 'Yar Tsibiri

Duk mai sammako a unguwar Dagmanet ya san Madam Ramatou da kwandonta. Tana fitowa bayan asuba, kwandon kaba a ka, an rufe shi da faifai, tana takawa a hankali kamar mai tallar ƙwai. Masu kabu-kabu sun gaji da yi mata tayi. Ba rowa ke hana ta hawa ba, tsoron gargada ne, domin abin da ke cikin kwandon ba ya son girgiza: ƙoƙunan kai ne na yumɓu, da su take koyar da tarihin halittar ɗan Adam a lakwal, wato makarantar boko. Bana ta ajiye alli, shi ya sa na ce ba za ta tafi shiru ba.

Lakwal ɗin ba ta da kayan nuni, ita kuwa Madam ba ta yarda a haddace abin da ido bai gani ba. Sai ta kwashi hotuna ta tare wurin wata mai ginin tukwane a tsohon gari, suka yi ta gini suna rushewa har kamanni suka fito. Mafi ƙanƙanta a ciki shi ne wanda ɗalibai suka raɗa wa 'Yar Tsibiri. Kwaikwayon kan wata mace ce da aka tono a wani kogo na tsibirin Flores, can ƙasar Indonesiya. Tsawonta bai fi metir ɗaya da 'yan kai ba, irinta kuma sun ƙare tun dubban shekaru.

Wata safiya, shekarun baya, akuya ta bangaje Madam a lungu, kwando ya kife, 'Yar Tsibiri ta gangara har gaban mata masu jiran ruwa a famfo. Kafin azahar zance ya gama unguwa: malamar lakwal na yawo da kan jariri. Da la'asar sai ga Iya Baturiya, mai wankan gawar matan unguwa, ta yi sallama da ƙyallen likkafani a hannu.

"'Yar nan, ko ɗan wa ne, ba ni shi a suturta shi," in ji ta.

Madam ta ƙwanƙwasa mata ƙoƙon, ya yi ƙara irin ta tulu. Tsohuwa ta yarda yumɓu ne, amma bakin mutane ya riga ya yi nisa. Washegari rabin benci na 'yan mata babu kowa. Cikin waɗanda aka hana zuwa har da Rahma, wadda ta fi kowa kai a ajin, ga jarrabawar BEPC ta ƙarato. Direkta ya ba da shawarar a ɓoye kwandon, a tsallake darasin har ƙura ta lafa. Madam ta ce in ta ɓoye shi ta amsa laifin da ba ta yi ba ke nan.

Ke ce, Madam, kika ɗauki kwandon nan tsakar rana kika bi gida gida. Wasu sun rufe miki ƙofa, kin ji zafi, kin kuma koma.

Gidan da ya fi wuya shi ne na Malam Zakari, mahaifin Rahma, dillalin raƙuma. Waɗanda ke zauren ranar sun ce ko tabarma bai nuna mata ba.

Ya ce, "Yumɓu ko ƙashi, me ya kai ki ga siffanta kan yaro? Kuma an ce kina gaya musu kakanmu ne."

"Malam, in an kawo maka raƙumi, ina kake duba shekarunsa?"

"A baki mana."

Ta miƙa masa ƙoƙon 'Yar Tsibiri. "To, duba bakinta."

Ya karɓa da ƙyar, ya juya shi wajen haske, ya bi haƙoran da ɗan yatsa. Sana'a ba ta ɓuya. "Turamen ƙarshe sun fito, har sun cinye. Wannan ai babba ce."

"Waɗanda suka tono ta ma da farko yarinya suka zata, haƙora suka gyara musu zance. Mace ce cikakkiya, mutanenta na sassaƙa dutse su yi wuƙa. Ban taɓa cewa kakarka ce ba. Masu bincike sun ce dangi ne na nesa, reshe ne da ya fita gefe ya bushe, har yau kuma suna gardamar inda ya tsiro. Abin da aka sani nake faɗa, inda ba a sani ba in ce ba a sani ba. Za a tambayi Rahma wannan a jarrabawa. In ka hana ta, ba ni ka hukunta ba."

Malam Zakari bai ce ya gamsu ba, har gobe ma yana cewa zancen bai kwanta masa ba. Abin da ya ce kawai shi ne mai faɗin "ban sani ba" ba ta cika ƙarya ba. Ranar Litinin Rahma ta koma aji. Yawancin sauran sun biyo ta, amma biyu ba su dawo ba, kuma Madam ba ta daina ambaton sunayensu ba.

Madam Ramatou, gagara-gajiya, mun gode. Kin koya wa 'ya'yanmu su duba kafin su yanke, kin kuma nuna mana cewa tsegumi ba ya jure a bi shi har ƙofar gida. Malamai masu tasowa, in kaya sun yi ƙaranci ku nemi yumɓu, in an rufe ƙofa ku sake sallama.

Ranar bankwana Madam ta sauke kwandon a gaban wadda za ta gaje ta, wato Rahma, da yanzu ta zama malama. Da aka ɗaga faifai, sai ga 'Yar Tsibiri naɗe cikin farin ƙyalle. Likkafanin nan ne, domin Iya Baturiya, Allah ya jiƙanta, ta ƙi komawa da shi tun ranar. Cewa ta yi, "Tunda kin ce mace ce, ko ta yumɓu ce ba za ta zauna tsirara ba."

Rahma ta gyara naɗin, ta mai da faifai, ta ɗora kwandon a kai. Mai kabu-kabu ya tsaya mata a bakin lakwal, ta ce ya wuce.