Baba Mai Basilla da Takalmin Hagun Yayana

Kafin rana ta tsallako katangar kasuwa, Baba Mai Basilla ya riga ya buɗe rumfarsa ta gyaran takalma. Yakan share ƙofa, ya yayyafa ruwa, sannan ya rataye takalman mutane a igiya ɗaya bayan ɗaya. Idan iskar safe ta kaɗa su, sai ka ga kamar wasu ma'aikata ne ke tafiya a sama ba tare da sun taka ƙasa ba. Ƙamshin fata da na kakin zuma ya cika wurin. Shekara arba'in da biyu ke nan yana wannan zama, ƙarshen watan nan kuma zai rufe, don idanunsa sun gaji. Yanzu matarsa ce ke zura masa zare a allurai tun daga gida, ta jera masa su a jikin hula.

Ni ba zan ɓoye ba, haushin takalman zamanin nan nake ji. Ka saye su suna sheƙi, wata biyu ƙasan ya ɓalle ya buɗe baki kamar mai jin yunwa. Baba ba ya zaginsu. Sai dai ya shafa su a hankali, ya ce, "Wannan ba ɗinka shi aka yi ba, lallashinsa aka yi da gam." Masu walda da masu fasa dutse da matan da ke sharar titi duk sun san rumfar nan. Wata daga cikin matan ta rantse mini cewa takalmin da ya ɗinke mata ya ga auren 'ya'yanta biyu.

Abin da ni na gani da idona kuwa a kan yayana ne, birkila. Bara ya faɗo daga gini ya karye, da ƙashin ya haɗe sai ƙafar hagu ta gaza ta dama da kamar yatsa biyu. Shugaban ma'aikata ya faɗa masa gaskiya: ranar Litinin zai sa shi ya bi katakon da aka gitta a hawa na biyu, in ya ga yana ɗingishi, babu sauran aiki. Yaya kuwa 'ya'ya biyar gare shi. Na raka shi wurin Baba, yana riƙe da sabon takalmin da ya saya.

Baba ya karɓa, ya sa ɗan yatsa ciki, ya ɓanɓaro wani abu. Kwali ne.

"Ɗana, a kan wannan za ka ɗora iyalinka? Ina tsohon naka?"

"Ai ya mutu, Baba," in ji Yaya. "Maiɗakina ma ƙofa take tokarewa da shi."

"To je ka ba ta haƙuri, ta nemi dutse."

Da aka kawo tsohon, Baba ya sa Yaya ya yi tafiya zuwa bakin titi ya dawo, har sau uku. Shi kuwa ya lumshe ido yana saurare, kai ka ce waƙa ake rera masa daga nesa. Sannan ya yanko tsohuwar taya, ya fere ta siriri-siriri, ya jera falle uku a ƙasan na hagu, falle ɗaya a na dama. Kwana biyu ya yi yana ɗinki da lalube. Na zauna ina kallon yatsunsa suna nemo ramin da basilla ta huda, zare yana shiga yana fita, har na manta abin da ya kawo ni.

Ranar Litinin Yaya ya bi katakon nan daga wannan baki zuwa wancan. Shugaban ya daɗe yana kallonsa, daga baya ya ce ya ɗauki cokalin gininsa.

Kai ne, Baba, mai ɗinkin da ba ya warwarewa. Kai ne ka sunkuya shekara arba'in da biyu kana duba ƙafafun da kowa ke ɗauke kai daga gare su. Ba a taɓa kiran sunanka a taro ba, alhali rabin gine-ginen unguwar nan da zarenka aka hau su. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu karatu, kafin ku jefar da tsohon takalmi ku nemi irin su Baba, kuma duk abin da kuke yi da hannunku, ku yi shi yadda wani zai iya tsayawa a kai.

Da yammacin ranar Litinin ɗin ni da Yaya muka koma rumfar. Na yi ta zuba, ina ce wa Baba ya ceci gida guda, Yaya kuwa ya durƙusa yana share hawaye da bayan hannu. Baba ya bari har na gama, sannan ya miƙa hannu ya laluba ƙafar Yaya, ya danna wajen babban yatsa.

"Na hagun dai bai matse ka ba ko?"