Rariyar Mukayyif a Ɗakin Baba

Har yau ba ma gaisawa da yayata, kuma a kan rariyar mukayyif ne. Wanda bai zauna Makka ba zai ɗauka wasa ne. A nan idan zafi ya kama, na'urar sanyin nan da ke maƙale a bango ita ce numfashin gida, rariyar cikinta kuma ita ke tare ƙura.

Baba yana zaune a wajen yayar tawa ne a unguwar Hindawiyya, kuma asma gare shi. Ita sana'arta turaren wuta, tana haɗawa tana sayar wa matan unguwa da masu zuwa umra. Dabararta ita ce ta aza kasko a gaban mukayyif, iska ta kwashi hayaƙin ta raba wa ɗakuna, ƙamshi ya tari mai ciniki tun daga matakala. Mukayyif ɗin da ya fi ƙarfi a gidan kuwa na ɗakin Baba ne.

Wata Juma'a na ajiye tasi na leƙa. Na tarar ƙirjinsa yana kuka kamar 'yar kyanwa, na'ura sai gurnani take, iska babu. Na ɓalle murfin na zaro rariyar. Innalillahi! Baƙa ƙirin, sai danƙo, sukari da man turare sun haɗu da ƙura sun toshe ta ruf. Ina taɓa ta da buroshi ta yage. Na je unguwar Zahir na sayo sabuwa na saka, Baba ya ja iska ya ce alhamdulillahi.

Juma'ar da ta zagayo na buɗe murfin don in wanke ta, na ga wayam.

Na ce, "Yaya, ina rariyar?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Na cire. Shanye mini ƙamshi take yi."

Wallahi sai da na ji kaina ya sara. Na ce, "Ƙamshinki ya fi ran ubanki ke nan?"

"Kai, kama bakinka! Kai da kake zuwa Juma'a-Juma'a kamar wanzami? Wa ke wanke masa kaya? Da wannan kaskon nake ciyar da shi."

"Ki ciyar da shi da dama, ki shaƙe shi da hagu!"

Na suri kaskon na kai banɗaki na sheƙa masa ruwa. Ban yi nadama ba, ko yau na samu sai in ƙara. Ta biyo ni tana zagi, rabi Hausa rabi Larabci, ta nuna mini ƙofa ta ce halas, wato shi ke nan, in fita mata daga gida.

Na koma na durƙusa gaban Baba. Na ce ya tashi mu tafi wajena a unguwar Kudai, ɗakina ƙarami ne amma babu mai kunna ko ashana. Ya daɗe yana tari kafin ya iya magana.

"Idan na bar gidan babba na koma na ƙarami, unguwa za ta ce yayarka ta gaza. Ba ta da miji, sunanta kawai ya rage mata. Ba ni zan zubar mata da shi ba."

Na ce, "Baba, ƙirjinka fa?"

Ya ce, "Ƙirjina nawa ne."

Haushinsa na ji, shi ma. Haushin su biyun na sauko da shi, na shiga mota na tafi.

Tun daga nan haka muke. In saka sabuwar rariya, ta bari in juya baya ta zare. Idan na shiga sai ta shige kicin, ni ma ba na nemanta.

Baba bai taɓa bin ɗansa salla ba. Kwanan baya magariba ta same ni a ɗakinsa, na shimfiɗa masa sallaya a gaba yadda na saba. Ya kabbara, ya soma Fatiha, numfashi ya yanke masa a tsakiya. Ya sake ɗaukowa, ya sake yankewa. Sai ya sallame, ya ja da baya yana dafa bango, bai dube ni ba.

Ya ce, "Shige gaba."