Tambayar da Baba Idi Ya Haɗiye

Cikin ranakun aikina a kantin magani na unguwar Hindawiyya a Makka, akwai wata Talata bayan Hajji da ban taɓa mantawa da ita ba. Ina shekara ta uku da fara aiki, ni ce mai ba da magani ta safe.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba: yanzu mai son allurar rage ƙiba ba sai ya taka asibiti ba. Zai buɗe manhaja a waya, likita ya bayyana a allo, ya tambayi nauyi da tsawo da cututtukan gida, ya duba sakamakon jini. In ya gamsu sai ya turo wasfa, wato takardar magani, ta faɗo cikin na'urarmu da lambar mai ita. Namu mu duba, mu ɗauko daga firij, mu koya wa mutum yadda ake yi. Likita ya ga fuska, mu kuma mun ga lamba, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya ga sauran.

Ranar wani dattijo ya shigo, Baba Idi, tsohon direban tasi daga unguwar Ka'akiyya. Ya zo karɓar allurar Rabi, matar ɗansa, wadda aka auro daga Maraɗi shekara biyu da suka wuce. Wasfa ba ta da aibu: nauyi ya kai, gwiwa na ciwo, sukari na leƙowa. Gurbin juna biyu an rubuta babu.

Da ya ji na yi masa Hausa sai ya saki jiki.

"Ashe 'yar gida ce. To wallahi likitocin wayar nan sai a hankali, 'yata. Yarinyar Larabcinta bai nuna ba, mijinta yana Jidda, ni na zauna na yi musu tafinta."

Na ce, "Allah ya saka, Baba. An fahimci juna dai?"

"Sarai. Sai tambaya guda da ya yi, wadda ba ta dace da bakin suruki ba. Ita kam ban fassara ba. Na ce masa la, wato a'a, muka wuce."

Allurar tana hannuna. Na mayar da ita firij kamar na manta wani abu. Wannan magani ba a ba mai ciki, kuma na san tambayar da Baba ya haɗiye. Ni ma ba zan iya maimaita masa ita ba. A Makka aka haife ni, amma kakata Bakanuwa ce ta raine ni.

Na ce, "Baba, ƙa'ida ce in yi wa mai maganin bayani da bakina. A ba ni lambarta."

Na shiga ciki na kira. Bayan gaisuwa na ce, "Rabi, mu biyu ne, babu mai ji. Yaushe rabonki da al'ada?"

Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Yaya, wata biyu ke nan. Ko maigidan ban gaya wa ba tukuna."

"Da an tambaye ki gaban Baba fa?"

"Da ƙasa ta tsage na shige."

Na dakatar da wasfar, na rubuta wa likitan dalili, na nemi a haɗa ta da likita mace da tafinta mace, a yi gwaji. Ya amsa cikin minti goma, da godiya mai ɗan kunya a ciki.

Na fito na ce, "Baba, likita ya ɗaga maganin. Sai nan gaba."

"Har yaushe?"

"Zai kai wata bakwai, ko ya ɗara."

Ya dube ni. Na ga yana lissafi da yatsu a jikin sandarsa. Ya ce "Masha Allah", ya gyara hula, ya fita yana taka ƙasa kamar an rage masa shekara goma.

Manajanmu ya tambaye ni me ya hana ni ba da maganin da takardarsa ta cika. Na ce takardar ce ta cika, hirar ba ta cika ba.

Tun ranar nake gaya wa sababbin ma'aikata: mutanenmu ba su cika yi wa likita ƙarya ba, kunya ce take amsawa a madadinsu, kuma manhaja ba ta da gurbin rubuta ta. Duk wasfar da ta zo ta waya, kafin ku buɗe firij ku tambaya wa ke zaune a ɗakin lokacin da aka yi hirar.

Baba Idi ya dawo da Ramadan da ledar dabino, ya ajiye a kan teburina. Ya ce an yi baƙuwa a gida. Har yau bai faɗi ta inda ta zo ba.