Rama Ce Yaya Halliru Ya Shuka

Ranar Talata da hantsi 'yan sanda shida suka ɓalle ƙofar Yaya Halliru a unguwar Longsight da ke Manchester, suka kwashe masa rama bokiti goma sha biyu. Rama fa, wadda ake kwaɗo da ita. Su 'yan sandan sun gane kuskurensu. Kamfanin da ya ba shi hayar flat ne ya ƙi ganewa, ya aiko masa da takarda wai ya tashi kafin ƙarshen Nuwamba saboda yana noman tabar wiwi. Mutum mai shekara sittin da takwas, wanda ko goro ya daina ci tun ranar da GP, likitar unguwa, ta yi masa maganar hawan jini.

Ɗan wan babana ne, mutumin Ɗanbatta. Karatun noma ya kawo shi Manchester yana saurayi, tallafin karatun ya tsaya a shekara ta biyu, shi kuwa ya ƙi komawa gida hannu rabbana. Ya kama tuƙin bas. Shekara talatin yana sama da ƙasa a Stockport Road har ya yi ritaya. Matarsa Anti Kulu ta rasu, 'yarsu ɗaya Zinatu tana aikin jinya a Birmingham. Abin da ya rage masa shi ne ɗan fili a lambun unguwa, inda yake shuka albasa da alayyafo. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu sai aka rufe lambun. Ya koma zaman taga yana kirga motoci.

Ana haka Zinatu ta samu ciki, ta bugo masa waya da Hausarta mai ƙamshin Manchester: "Baba, ni kwaɗon rama nake so, irin na Mama. Fresh, ba busasshiya ba."

Wani uban da sai ya ce Allah ya sauke ki lafiya, ya ajiye waya. Shi sai ya sa wani abokinsa, Dokta Musbahu, ya taho masa da iri daga Kano. To amma rama 'yar rana ce, mu kuwa a nan rana baƙuwa ce. Sai ya tafi laburare, wanda yanzu kwana uku kawai ake buɗewa a mako, ya tambayi kwamfuta yadda ake noma a cikin ɗaki. Ranar ya biyo ta gidana yana ta murna.

"Raki, yau na haɗu da manoma na gaske! Zaure gare su a intanet. Ba mai nuna fuskarsa, ba mai faɗin sunansa. Kin ga tawali'u?"

"Yaya, me suke shukawa?"

"Ganyen dai na gani, sak rama. Ina jin irin ta Turawa ce."

Ban leƙa ba, ni me ya haɗa ni da kwamfuta. Amma duk wanda ya san rama ya san in ta girma ganyenta yakan rabu kamar yatsun hannu, haka kuma ganyen wancan mugun abu yake.

Duk abin da suka ce ya yi, ya yi. Ya share ƙaramin ɗaki, ya rataye fitilu, ya kunna fanka. Abin da ya fi burge shi raga ce. Ana shimfiɗa ta a saman shukar, duk kan da ya leƙo ta wani rami sai a lanƙwasa shi a mayar ƙasa, don shukar ta bazu gefe da gefe, kowane reshe ya samu haske, ganye ya yawaita. Kullum da safe yana tsaye a kanta da tabarau yana yi mata magana kamar fasinjoji: "Ke, ina za ki? Koma. Ku matsa ciki mana, akwai wuri a baya!"

Ramar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Har hotonta ya sa musu a zauren. Suka yi ta yabo, suka tambaye shi sunan irin, ya ce 'Yar Ɗanbatta. Wani ya ce tana da ƙarfi? Ya ce sosai, sai an tafasa an zubar da ruwan fari. Ya tambaye su yadda suke cin tasu, suka ce wasu a kek suke sawa. Ya zo yana girgiza kai: "Rama a kek, Raki. Bature bai san abinci ba." Ranar da ya rubuta musu cewa duk don 'yarsa mai ciki yake yi, kuma tana cinye kwano guda a zama ɗaya, ranar suka kore shi daga zauren. Ashe su ma suna da iyaka. Har yau yana cewa hassada ce.

Duk bayan mako biyu sai ya tsinki ganye, ya yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa, ya zuba a kula, ya hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, ya kai mata har unguwarsu Edgbaston. Zinatu ta ci, ta yi kuka, ta ƙara.

Sai kamfanin ya aiko mai duba tukunyar ɗumama gida. Mutumin ya ga haske a ƙasan ƙofa, ya tura, ya tsaya ƙiƙam. Yaya Halliru ya ɗauka sha'awa ce ta kama shi, ya ce masa da Turanci in yana so ya tsinko masa, kyauta ne, jama'a da dama sun ɗanɗana sun yaba. Mutumin ya fita ko jakar aikinsa bai ɗauka ba.

Ranar da aka ɓalle ƙofar na zo da silifas, na tarar ana fito da bokitai. Shi ba ƙofar ce ta dame shi ba, ba kuma maƙwabtan da suka yi cirko-cirko ba. Bin su yake yana cewa, "Ku riƙe ta a tsaye! Kada ku yanke ragar!" Wani ɗan sanda ya buɗe firij ya ga daddawa, baƙa, a ƙulle cikin leda ƙulli-ƙulli. Ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa, ya kira ogansa. Na ce musu ta miya ce. Ogan ya ce kowa haka yake cewa. Ƙuli-ƙulin ma ba su bari ba.

Bayan kwana tara sakamakon gwaji ya fito. Ogan ya zo da kansa ya ba da haƙuri, aka gyara ƙofa, aka dawo da bokitai da matacciyar rama, da daddawa a cikin leda mai lamba. Na yaba musu a nan.

Kamfanin kuwa sau huɗu ina kira. Kullum wata mai sanyin murya sai ta ce min abin da kwamfuta ta nuna ke nan, wanda zai iya gyarawa kuma an rage masa kwanakin aiki. Na kai musu takardar 'yan sanda da hannuna, suka ce za a duba. Mako uku ke nan ana dubawa.

A masallaci Alhaji Rabe, abokin wasansa, ya samu abin yi: "Sarkin noma, a sammana mana, mu ma mu ga sama!" Yaya Halliru yakan yi dariya ya ce, "Kai da aka haifa a buge, me za ta ƙara maka?" Amma shekaranjiya na same shi yana naɗe kwanukan Anti Kulu a jarida yana jerawa a kwali. Shekara ashirin da shida yana cikin flat ɗin nan. Zinatu ta ce ya koma wurinta, ya ce a Birmingham ko hanyar masallaci bai sani ba, a nan kuwa babu kwanar da bai juya bas a cikinta ba.

Don haka, manajan kamfanin nan, da kai nake. Ka janye takardar tashin nan a rubuce, da sa hannunka, ba ta waya ba. Ka goge kalmar wiwi daga fayil ɗinsa. Ka kawo masa da kanka kafin Juma'a, ka tsaya a wurin har ya gama buɗe kwalayen nan.